Haƙori a Kwalin Ashana

Ranar wata Laraba Mannir ya tsayar da tifarsa a gaban shagon Safiyatu da ke bakin titin Safana, ya sayi ashana kwali uku. A gabanta ya zazzage tsinkayen a kan kanta, ya sa kwalayen a aljihu.

"Malam, ka bar kayanka," in ji ta.

"Kwalin nake so."

"Me za ka zuba?"

Ya ciro wani tsohon kwali ya buɗe. A cikin auduga akwai wani abu baƙi mai tsini, bai fi ƙwayar wake ba.

"Haƙorin kada ne. Ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse."

Mannir ɗan Wagini ne ta Batsari, yana ɗauko dutse daga ƙasar Sakkwato. Idan ana lodi, shi kaɗai yake bin kwazazzabai yana tsintar irin waɗannan. Ya karanta cewa teku ya taɓa rufe wajen. Kwali arba'in da ɗaya ya tara a ɗakin da yake zaune shi ɗaya tun rasuwar mahaifiyarsa. A shekara huɗu babu wanda ya taɓa tambayarsa me ke ciki.

Ya riƙa tsayawa duk Laraba. Ya nuna mata yadda ake rarrabewa: na kada yana da kaifi gefe biyu da siraran layuka, gindinsa da rami, na kifin teku kuwa shafaɗaɗɗe ne kamar bakin mashi. Akwai ɗaya da ya gagare shi shekara biyu. A kwalinsa ya rubuta: "Lamba 17. Ban sani ba." Wannan kwalin ya ba ta ajiya.

"Direban haƙora, wasu turare suke kawowa," ta ce tana dariya.

"Wannan ya fi turare daɗewa, Safiyata."

Zaharaddeen mai sayar da babura, wanda shi ma yake neman ta, ya taɓa hango kwalin a buɗe. Kafin mako ya zagayo, magana ta cika kasuwa cewa direban nan haƙoran mutane yake tarawa don tsafi. Mahaifin Safiyatu, Malam Gambo mahauci, ya ce kada ya sake ganin tifar a ƙofar shagon.

Laraba uku Mannir yana wucewa bai tsaya ba. A tasha direbobi suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ya tura mata saƙo:

"Safiyata, na yi tunanin zubar da su a rafi. Amma ko na zubar, za a ce na ɓoye ne. Ki yi wa Baba biyayya."

Ta amsa: "Kada ka zubar da ko ɗaya. Ka jira."

Da safe ta sami mahaifinta yana wasa wuƙa, ta durƙusa, ta ajiye kwalin Lamba 17 a gabansa.

"Baba, shekara talatin ba ka sayen dabba sai ka buɗe bakinta. Ka duba wannan. Duk abin da ka ce, na yarda."

Ya juya haƙorin a tafin hannu, ya kankare shi da bakin wuƙa. Ya ce a kira masa yaron, ya zo da kwalayen duka.

Mannir ya jera su a kan tabarmar zaure. Bayan gaisuwa, Malam Gambo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa.

"Wannan dutse ne. Wannan ma. Babu ɗan Adam ɗin da ke da irin wannan a bakinsa." Ya ɗaga na ƙarshe, wanda Safiyatu ta kawo masa. "Wannan kuma me ka ce?"

"Baba, shi ne ya gagare ni. Ina zaton wata dabba ce da ta ƙare tun da."

"Ta ƙare? Jiya na yanka uwarta. Haƙorin ɗan akuya ne, laka ta rina shi."

Mannir ya sunkuyar da kai. Daga bayan ƙofa aka ji dariyar Safiyatu.

"Mai tsafi ba ya shekara biyu yana lallaɓa haƙorin akuya a auduga, har ya rubuta bai sani ba," in ji Malam Gambo. "Maganar kasuwa kuma ka bar ni da ita. Turo manyanka."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a, bayan an kammala girbin gero. Direbobin tasha sun zo, sun ci kwano ɗaya da ango. Malam Gambo ya yi addu'ar Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, aka shafa.

A ɗakin Wagini yanzu kwalayen suna kan kanta sabuwa. Lamba 17 na nan a tsakiya. An soke tsohon rubutun, a ƙasansa da hannun Safiyatu an rubuta: "Akuya. Baba ne ya gano."