Babi Na Huɗu Yana Hannun Hanatu

A ɗakin karatun wata makarantar mishan da ke Yendi Hanatu ta fara ganin Ilisha Tamanja, cikin hutun Agusta na 1992, kuma ranar bai burge ta ba ko kaɗan.

Taron zumuntar malamai Kirista ne, su kusan ashirin, malaman sakandare da na kwalejin horon malamai, yawancinsu suna neman ƙarin digiri. Duk hutu sukan haɗu, wannan karo a Yendi, na gaba a Salaga, sannan Bawku. Da safe addu'a da waƙa, da rana kowa ya karanta abin da yake rubutawa, sauran su gyara masa. Da yake akwai Kusasi da Gonja da Dagomba da Konkomba a cikinsu, in an ajiye Turanci sai a koma Hausa.

Hanatu Mahama malamar kimiyya ce a Salaga, kuma zuwanta na farko ke nan. Ta karanta bincikenta kan ciwon kurkunu a ƙauyuka, aka tafa mata. Sai wani dogon saurayi mai tsohon tabarau ya ɗaga hannu, ya ce aikin yana da kyau, amma ƙauyuka uku ba su isa a yanke hukunci kan gunduma guda ba. Da yamma ya mayar mata da takardunta, duk gefe jan biro.

Ta je bayan aji ta yi kuka. A can ya same ta, riƙe da kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo, ya ce ya lura ba ta ci abinci ba.

"Ka gama yanka ni, yanzu kuma ka kawo tuwo?"

"Wanda ba shi da amfani ba na ɓata masa biro, Malama," in ji shi. "Naki ne kawai na karanta sau biyu."

Ta karɓi kwanon ta ci. Daga ranar ta sa masa suna Jan Biro.

Ilisha malamin Turanci ne a Yendi, ɗan Konkomba daga wani ƙauye a hanyar Saboba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta yi ta noman gyaɗa har ya gama makaranta. Yana rubuta kundin digiri na biyu kan yadda yaran ƙauye ke saurin iya karatu in an fara musu da harshen gida. Al'adar zumuntar ce duk babin da mutum ya buga a tafireta ya sa takardar kabon, ya ba wani ɗan'uwa kwafi ya duba. A taron Kirsimeti a Salaga ya miƙa wa Hanatu babi na huɗu, ya ce ta rama.

Ta rama kuwa. Wasiƙu suka fara tafiya a hannun direbobin lorin doya, da farko kan waƙafi da aya, daga baya kan abin da ba ya cikin kundi. Wata rana ta buɗe ambulan ta ga wannan:

"'Yar Salaga, na karɓi gyaranki, kin fi ni mugunta. Jiya na je ƙauye na gaya wa Inna akwai wata malama da ba ta barina in yi barci. Ta tambaya ko kin iya dariya, na ce kin iya, sai dai kina rowarta. Ta ce in kawo ki. Ni dai na gama shawara da zuciyata da Ubangijina. Saura ke. Naki, Jan Biro."

Amsarta layi biyu ce: "Ka gaya wa Inna ina zuwa. Ka zo ka ga Baba, amma ka zo da haƙuri mai yawa."

Baba Mahama katikis ne, mai koyar da addini a coci, da ya yi ritaya, mutumin Gonja da ya karɓi bishara tun yana saurayi, ya sha tsangwama a kan haka. Matarsa Atikatu 'yar zangon Salaga ce, shi ya sa Hausa ake yi a gidan. Ya karɓi Ilisha da fara'a, suka yi addu'a tare. Bayan baƙon ya tafi ya kira 'yarsa ya ce yaron kirki ne, amma ƙasar ba ta zauna ba, kuma danginsa ba su taɓa haɗa aure da mutanen su Ilisha ba. Hanatu ta tuna masa da bakinsa ya koya mata cewa a cikin Almasihu duk ɗaya ake. Ya ce haka ne, amma ta jira.

Mutaru, yayanta mai fataucin doya, shi ne ya tsaya mata. Yakan ce wa Baba duk abokan cinikinsa a Kpandai mutanen su Ilisha ne, bai taɓa ganin sharrinsu ba. Har Baba ya fara saukowa, ya ce a bari Ista, bikin tashin Almasihu, ta zo a yi magana.

Ista ba ta zo ba faɗa ya ɓarke tsakanin Konkomba da maƙwabtansu, har da Gonja da Dagomba, cikin Fabrairun 1994. Ƙauyuka suka ƙone daga Yendi har Salaga. Mutaru yana hanyar Kpandai da lodin doya ranar da abin ya iso wajensu. An ga motar a ƙone bayan kwana shida. Shi ba a gan shi ba.

Baba Mahama ya daina zuwa coci. Yakan zauna a ƙofar gida yana kallon hanya daga safe har rana ta faɗi. Sannan magana ta fara yawo a gari cewa malaman makaranta na wancan ɓangaren su ne masu rubuta wa mayaƙa takardu, har wani ya rantse ya ga Ilisha a cikinsu. Hanatu ta jira wasiƙarsa wata biyu, ba ta zo ba. Ranar da aka yi addu'ar Mutaru ba gawa, ta zauna ta rubuta:

"Ilisha, Yaya Mutaru ya tafi, ko kabarinsa ba mu da shi. Ban san abin da ka yi ba, ban san abin da ba ka yi ba, kuma shirunka bai taimake ni ba. Ba zan iya shigo da kai gidan nan in kalli idon Baba ba. Kada ka neme ni. Allah ya kiyaye ka inda kake. Hanatu."

Ba ta san inda za ta aika ba, sai ta ba sakataren zumunta, Masta Ewuntoma, hedimastan wata makaranta a Salaga, ta ce in ya ji labarinsa ya isar. Ya karɓa ya ce zai yi ƙoƙari.

Shekarar nan ba a yi taro ba. Hanatu ta rame har ɗalibanta suna tambaya ko ba ta da lafiya. Ta ajiye binciken kurkunu a ƙasan akwati. Masta Ewuntoma ya riƙa zuwa gaishe da Baba, yana karanta masa Zabura, shi ne ma ya lallashe shi ya koma coci. Da ya nemi auren Hanatu, Baba ya ce wannan ɗan gida ne. Ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce a ba ta lokaci, kullum kuma lokacin bai cika ba.

Cikin damina ta 1995 wasiƙa ta zo daga Bawku, daga Mama Lariba Abugri, tsohuwar malamar kwaleji da ta kafa zumuntar. Ta ce za a yi taro a gidanta, kowa ya zo ko da zuciyarsa ba ta so. A ƙasa ta ƙara da hannunta: "Kundin ɗan'uwanmu Ilisha ya ƙone tare da ɗakinsa a Yendi. Mun tattara kwafin babi biyar daga hannun 'yan'uwa. Na huɗu yana wurinki. Kada ki aiko, ki kawo."

Hanatu ta nuna wa Masta Ewuntoma wasiƙar, ta tambaye shi tun yaushe aka san inda Ilisha yake. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan da ta yi datti, mai sunanta a kai. Ya ce tun watan Afrilun bara ta zo ta hannunsa, sati ɗaya kafin ta kawo tata. Tata ya isar, wannan ya riƙe. Ya ce da farko ya gaya wa kansa don lafiyar Baba ya yi, amma ya san ba don haka ba ne.

A tsaye ta karanta.

"'Yar Salaga, ina raye. Na ɗauko Inna daga ƙauye muka nufi kogin Oti da ƙafa, kwana uku. Ba ta kai ba. Na binne ta da hannuna a gindin wata bishiya, yanzu ko an kai ni ba zan gane wurin ba. Na bi ta Togo na fito Pusiga, Mama Abugri ta karɓe ni. Ban ɗauki makami ba, ban rubuta wa kowa komai ba. Ina jin tsoron tambayar lafiyarku. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce."

Ta gane cewa amsar da ya samu ita ce waccan wasiƙar tata. Ta zauna a bencin ɗalibai. Masta Ewuntoma ya ce ta yafe masa, zai je da kansa ya gaya wa Baba, zai kuma janye maganarsa ta aure. Ta ninke wasiƙar ta fita.

Tafiyar Bawku kwana biyu ta ɗauke ta, ta Tamale da Bolga. Mutum goma sha ɗaya kawai suka zo taron, wasu ba sa iya kallon juna. Mama Abugri ta ce ba za a yi wa'azi ba, kowa ya faɗi sunan wanda ya rasa, sauran su ce amin. Aka zagaya. Hanatu ta ce Mutaru. Daga can ƙarshen ɗakin wata murya da ta sani ta ce amin, ta karye a tsakiya. Muryar Ilisha ce.

A cikin watannin nan 'yan zumunta ne suka riƙe shi. Mama Abugri ta nema masa aji a wata makaranta a Pusiga, wani ya ba shi aron tafireta, wani ya rubuta wa jami'a aka ƙara masa shekara. Amma ya tsufa a ido, tabaran ma an ɗaure shi da zare.

Bayan addu'a ta same shi a gindin mangwaro ta miƙa masa babin.

"Sai makon jiya na ga wasiƙarka," ta ce. "Da na gani da wuri, da ban rubuta abin da na rubuta ba."

"Na karanta taki har na haddace," in ji shi. "Ban ji haushinki ba, Hanatu. Na dai ce ashe Inna da ke duk a shekara ɗaya zan rasa."

Ta rufe fuska da gyalenta. Ya bar ta ta yi kukanta, shi ma yana share nasa. Da ta natsu ta ce ba ta da bakin neman komai a wurinsa. Ya ce shi yana da shi, kuma abin da ya nema a da shi yake nema har yanzu.

Saura Baba. Sau biyu Mama Abugri da dattawan zumunta suka je Salaga, sau biyu ya karɓe su da ruwa da girmamawa ya ce ba zai iya ba. Ya ce ya yarda yaron ba shi da laifi, amma duk ranar da ya gan shi hanyar Kpandai zai gani. Inna Atikatu ce ta ce a karo na uku su zo da shi.

Suka zo bayan Kirsimeti. Ilisha ya cire takalmi ya durƙusa a tsakar gida. Baba bai kalle shi ba sai da aka daɗe, sannan ya tambaye shi a ina aka binne mahaifiyarsa.

"Ban sani ba, Baba. Wajen kogi ne. Na koma sau ɗaya, bishiyoyin duk iri ɗaya ne."

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Sai ya ce shi ma ya je hanyar Kpandai sau huɗu yana duba gindin itatuwa, ba wanda ya gaya wa. Ya miƙa hannu ya kama kafaɗar Ilisha, ya ce ya tashi ya zauna a kujera, ƙasa da sanyi.

An ɗaura auren a Bawku ranar Asabar ta bayan Ista, 1996, wata guda bayan jami'a ta karɓi kundin Ilisha. Mama Abugri ce ta tsaya a matsayin uwar ango. 'Yan zumunta goma sha bakwai suka zo, har da Masta Ewuntoma, wanda ya zauna a bencin baya. Dangin Baba da yawa sun ƙi zuwa, layinsu a cocin rabi ba kowa.

Da fasto ya ce uban amarya ya sa albarka, Baba Mahama ya tashi da sandarsa. Ya fara da Gonja, sai ya koma Hausa don kowa ya ji.

"Na zo da 'ya ɗaya, ita ta rage mini. Ilisha, kai ma ba ka da kowa. Daga yau in an tambaye ka gidanku, ka ce Salaga, gidan Mahama. Ubangiji ya ba ku zaman lafiyar da mu ba mu iya riƙewa ba. Ya ba ku 'ya'ya, ya sa su binne ku da tsufa a inda kowa ya sani."

Cocin ya amsa da amin. Hanatu ta kama hannun mijinta, ta riƙe shi gam.