Usur Ɗin Da Ya Kayar Da Kaya

Ranar da Sahabi ya fara ganin Ummu Hani, usur ne a bakinsa. Gasar ƙwallon kwando ta 'yan mata ake yi a Talata Mafara, shi ne alƙalin wasa, ita ce mai horar da 'yan garin Kaya.

Wasa na dab da tashi, ɗalibarta Bushra ta kafe ƙafar hagu ta juya, ta yi tsalle ta jefa. Ƙwallo ta shiga. Sahabi ya busa ya ce ta yi tafiya da ƙwallo, ya soke cin. Kaya ta sha kashi.

Gaskiyar magana, bawan Allah bai ga ƙafar ba. Malamar yake kallo.

Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa: "Malam, ɗaga ƙafar da aka kafe ba laifi ba ne, in an saki ƙwallo kafin ta sauka. Mi ka gani?"

Kunya ta rufe shi, don shi ma ya san dokar sarai. Ya rubuta ya goge, ya sake: "Ki yi haƙuri, Malama. Ke na gani."

Sai da ta shanya shi har ya rame kafin ta amsa: "Sannu, Alƙalina makaho."

Soyayya ta kankama, amma mahaifinta Malam Labaran ya ce atafau. Duk Kaya ta san labarin usur ɗin.

"Mai hukunci bai gani ba, shi zan ba ɗiyata?"

Sahabi ya wanke ƙafa ya je Kaya. Bayan doguwar gaisuwa ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Baba, na yi kuskure. Na zalunci yarinyar nan Bushra."

"To, ba ni ka zalunta ba. Tashi ka je ka gaya mata."

Haka ya tsaya gaban ɗalibai suna ƙunshe dariya, gumi na tsiyaya masa, ya roƙi Bushra gafara. Malam ya ji labari, ya sa rana.

Da aka kai amarya, 'yan wasan suka tare ƙofa. Bushra ta miƙa masa usur.

"Ango, cinmu da ka soke muke so."

Ya busa, ya ce, "Ta ci!" Guɗa ta tashi. Daga cikin lulluɓi Ummu Hani ta ce a hankali, "Yanzu an yarda ka kalle ni, Alƙalina."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.