Dusar Tsohuwar Ƙofa

Matar kafinta ta daɗe tana fama da kurfoti. Kullum da magariba sai ta tsuguna tana fifita, ledar hura wuta na ɗiga, hayaƙi na cin idonta, gawayi kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Mijinta ne ya kawo dabara: a narka guntayen kyandir, a cuɗa da dusar katako, a dunƙula. Ka binne dunƙule ɗaya a tsakiyar gawayi, ka ƙyasta ashana, kafin ka ɗauraye tukunya wuta ta kama. Dusar kuwa ta wata tsohuwar ƙofa ce da ya ɗauko a wani kango, ya goge ta a shagonsa. Bai tambayi kowa ba, don a ganinsa abin da aka yar ba shi da mai shi.

Ranar da aka fara gwadawa, Auta ce ta ƙyasta ashanar, yarinyar da uwar ke ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Dunƙulen ya kama nan take. Sai dai tare da harshen wutar aka ji wata siririyar ƙara, irin ta jariri. Uwar ta ce danshin gawayi ne, ta ɗora tukunyarta.

Washegari da faɗuwar rana tsakuwa ta soma sauka a kan rufin kwano. Kafinta ya leƙa waje, bai ga ko kaza ba. Daga nan Auta ta daina cin abinci, ta daina magana. Sai ta zauna gaban kurfotin tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin goyo, jikinta zafi rau. Ta rame har uwar na tsoron kallon wuyanta.

Aka ɗauko wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a bakin tabarma ya soma karatu a hankali. Can Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A cikin ƙofar nan na kwantar da ɗana. Suka kankare shi da katako, suka cuɗa da kyandir, wannan ta sa masa wuta. Rai zan ɗauka a madadin rai."

Kafinta ya zube a ƙasa. Malam ya ce ba da sani aka yi ba, kuma Allah ba ya barin azzalumi, mutum ne ko aljan. Ya yi alkawarin za a mayar da ƙofar kangon, da sauran dunƙulen duka. 

"Na bar musu ranta," in ji muryar. "Amma zan tafi da abu ɗaya. Nawa ya ji zafin wuta har ya mutu. Tasu ba za ta ƙara jin sa ba."

Malam ya buɗe baki, amma uwar ta riga shi. "Mun yarda! Wallahi mun yarda!" A zatonta kyauta aka yi musu. Malam ya sunkuyar da kai. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Jifa ya tsaya, yarinya ta murmure, uwar ta koma ga leda da mafici ba ƙorafi. Wata magariba ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, sai ta ji ƙauri, alhali ba ta ɗora komai ba. Ta fito da gudu. Auta na tsugune tana gyara garwashi da yatsu, ga wani ja jawur a tafin hannunta, fatar na tashi.

Yarinyar ta miƙo mata shi tana murmushi.

"Umma, taɓa ki ji. Wutar yau ba ta da zafi."