Sakan Talatin Da Auta Ba Ta Kalla Ba

A gidan su Auta, ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar lokacin katun ne, ko Baba ba ya musu da haka. Ranar yana kan kujerarsa da jarida, ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Jikarsa Kanari, 'yar shekara shida da ta ci sunan saboda surutu, tana kwance gaban talabijin. Auta kuwa tana gefe tana ninke kaya, hankalinta kwance, don saura wata biyu aurenta.

Katun ya tsaya aka shiga talla. Tallar wani fim ce da tashar ke nunawa bayan goma na dare. Sai ga mace ta fito daga wanka, babu komai a jikinta daga wuya har ƙugu, wani ƙato yana turo ƙofa.

Baba ya laluba rimot, rimot ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Tsohon nan da sai an kama shi yake tashi, bai san lokacin da ya miƙe ba, ya je ya tsaya gaban talabijin ya baza rigarsa da hannu biyu, yana salati. Haka ya tsaya har tallar ta ƙare.

Kanari ta juyo ta ce, "Anti, ba ke ce kike kalla kafin mu ba?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi, domin gaskiya yarinyar ta faɗa. Aikinta ke nan a tashar. Dokar hukumar da ke sa ido kan gidajen talabijin ta ce daga huɗu zuwa bakwai lokacin yara ne, ko tallar fim ɗin dare za a saka sai an tsabtace ta, kuma sai wani ma'aikaci ya kalle ta ya sa hannu a fom. Auta ce mai sa hannun. Da wannan ma ta shawo kan Baba ya bar ta ta yi aikin, shi da ya yi shekara talatin yana koyarwa yana kiran talabijin akwatin ɓata tarbiyya. Ta ce masa duk abin da zai fito a lokacin yara, idonta ya riga ya gan shi. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya riƙa yawo da ita a unguwa, kowa sai ya ji cewa 'yarsa ce mai gadin idon yara.

To abin da ya faru ranar Juma'a, ita kaɗai ta sani sai Allah. Wanda ke yanka tallace-tallacen tashar shi ne saurayin da za ta aura, wanda Kanari ta laƙaba wa Mai Almakashi, sunan ya bi shi har ofis. Ya yanka tallar gida biyu kamar yadda ya saba, ta rana da ta dare, ya tura mata, har ya leƙo ɗakinta ya ce ta duba da kyau, don kiɗa da maganar duk iri ɗaya ne, hoton ne kawai ya bambanta. Ta ce okey. Yana fita matar Yayanta ta fara turo mata hotunan labulen da za a sa a gidanta. Auta ta danna tallar, ta sunkuyar da kai kan waya tana zaɓe tsakanin ruwan toka da ruwan zuma. Kunnenta ya ji komai lafiya, ta sa hannu, ta tura fayil ɗin dare cikin jerin na rana. Sakan talatin ne kacal, kuma ko ɗaya idonta bai gani ba.

Ranar Litinin tashar ta cika da ƙorafin iyaye, hukuma ma ta aiko da takarda. Manaja ya tara su yana huci, ya tambayi wa ya yi wannan ɗanyen aiki. Auta ta buɗe baki, amma Mai Almakashi ya riga ta. Ya ce shi ne, shi ya sauya fayil ɗin bayan ta sa hannu, bisa kuskure. Ko kallon inda take bai yi ba. Nan take aka dakatar da shi, aka ce kwamiti zai zauna bayan mako uku, kuma kowa ya san zaman kora ne.

Ita kuwa Auta ta ja bakinta ta yi gum. Kada wani ya ce ruɗewa ce, tsoro ne tsagwaronsa, da son kai a ciki.

Labari bai kwana ba ya iso gida. Baba dama zuciyarsa ba ta gama kwanciya da yaron ba, yana yawan cewa wanda aikinsa kallon abin kunya ne don ya yanke, wata rana idonsa zai saba. Yanzu ya samu abin da yake nema. Ya kira Yaya ya ce ya je ya gaya wa iyayen yaron an ɗage maganar aure, sai abin da hali ya yi. Umma ta roƙe shi ya sassauta, ya ce wanda bai ji kunyar 'ya'yan mutane ba, ba zai ba shi amanar jikokinsa ba.

Auta ta shiga ɗaki ta sha kuka. Umma ta biyo ta tana rarrashi, tana cewa haƙuri, ba laifinki ba ne 'yar nan, ke kin yi aikinki. Kowace kalma ta rarrashin sai ta zame mata bulala. Gara a ce zaginta Umma ta yi.

Bayan kwana huɗu ta kira shi, suka haɗu a wani benci kusa da tashar bas da rana tsaka. Ya rame, amma yana ta ƙoƙarin ba ta dariya, wai yanzu ya zama cikakken ɗan hutu. Ta ce masa za ta faɗi gaskiya. Ya ce kul. Ya ce shi namiji ne, ko bidiyon biki zai yanka ya ci abinci, ita kuwa in Baba ya ji, ta bar aiki ke nan har abada, kuma tsohon ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Maganar aure kuwa, in ƙura ta lafa Baba zai sauko.

"To in bai sauko ba fa?" in ji ta.

Ya kalli motocin da ke wucewa, ya ce, "Sai in ci gaba da jira."

Ta koma gida da wannan, tana gaya wa kanta ai shi ya zaɓa. Mutum in yana neman mafaka ko inuwar tsinke ya samu sai ya raɓe. Ta ci gaba da zuwa aiki, tana wuce kujerarsa da babu kowa, abokan aiki na yi mata jaje wai ta faɗa hannun sakarai. Abinci ya daina shiga. Labulen ruwan zuma ya iso, ta cusa shi ƙarƙashin gado ko ledar ba ta buɗe ba.

Tun ranar da abin ya faru Baba ya lulluɓe talabijin da zanin tebur. Asabar ta biyu sai ya yaye shi da kansa, ya kira Kanari ya ce ta zo ta kalli katun ɗinta, an kori mai ɓarnar, yanzu idon Antinta ne kaɗai a wurin. Ya juya ya gaya wa Yaya cewa shi dama ya sani, Auta ba za ta taɓa bari irin wannan ya wuce ta gabanta ba, tarbiyya ba ƙarya ba ce. Kanari kuma ta cafe, ta ce ita ma ta daina gaida Mai Almakashi. Jiya ta gan shi a hanyar makaranta ya ɗaga mata hannu, ta murguɗa masa baki, ta gaya wa ƙawayenta shi ne mai saka fim ɗin 'yan iska.

Wannan ce ta karya Auta. Mutumin da yake goya yarinyar nan a wuya, yake gyara mata keke. Ta sauko daga kujera ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ni ce. Bai sauya komai ba. Ya ba ni guda biyu, ya ce in duba, ban duba ba. Ni na sa hannu, ni na tura."

Umma ta ja hannun Kanari suka shige ciki. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Me kike kallo a lokacin?"

"Labule, Baba. Na gidana."

"Labule," ya maimaita a hankali. "Kina neman abin da za ki rufe tagarki, kika buɗe ta kowa." Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce kuskuren sakan talatin bai dame shi ba kamar shirun kwana goma sha biyu. Ta zauna tana kallo yana cin naman ɗan mutane, tana kallo ya aika a wulaƙanta iyayensa, ba ta ce uffan ba. Ya ce ta sa shi ya yi zalunci da tsufansa.

Daga nan ya ce a miƙo masa sandarsa. Yaya ya ce ya bari shi ya je, Baba ya ce bakin da ya yi ɓarna shi zai je gyara. Yaron a bene hawa na biyu yake, kuma Yaya ya ce sau uku tsohon yana hutawa a matakala. Ya ba yaron haƙuri a gaban iyayensa, sannan ya ja masa kunne. Ya ce rufin asiri alheri ne, amma ƙarya ƙarya ce ko don so aka yi ta, kuma wanda ya hana matarsa ɗaukar laifinta bai taimake ta ba.

Ranar Litinin Auta ta shiga ofishin Manaja da ƙafarta ta faɗi komai. Aka dakatar da ita wata biyu, aka mayar da Mai Almakashi aikinsa da takardar gargaɗi kan ƙaryar da ya yi. Tashar ta fitar da sabon tsari, mutum biyu ne za su riƙa kallon duk tallar lokacin yara, kuma waya a waje ake barinta. Unguwa ta yi surutunta ta gaji. Kanari ce aka fi shan wahalar shawo kanta, sai da Auta ta zaunar da ita ta ce mata, "Ni ce ban kalla ba, ba shi ba." Yarinyar ta dube ta ta ce ashe manya ma suna ƙarya. Auta ta ce e.

Aka yi auren bayan wata huɗu. Wanda ya ce zai jira ya jira, Allah kuma bai bar shi haka ba. Labulen ruwan zuma yana nan rataye a falonsu, ita ta ce a rataya shi, don duk safiya in ta ja shi ta tuna.

Ta koma aikinta, Baba bai hana ba. In sun zo gida ranar Asabar, Kanari takan tambaye ta ko ta kalla, ta ce ta kalla, sau biyu ma. Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla. Amma rimot yana cikin aljihun rigarsa, hannunsa a kai, daga fara katun har a gama. Auta tana gani, ta san ita ta saka shi a can.

Don haka 'yan'uwa, duk wanda aka ba gadin idon yara, ya kalla da idonsa, kada ya bar wa kunne. In kuma ƙaddara ta sa ka yi kuskure, faɗe shi tun da zafinsa kafin mai ƙaunarka ya ɗauka a kansa. Haƙuri yana dawo da aure, gaskiya tana dawo da mutunci, amma yarda in ta fashe, ko an ɗinke ta sai an ga zaren.