Muryar da Ke Cikin Faifai

Ƙafar Kyauta ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

Azahar ce, amma hadari ya rufe unguwar Barkin Sale har shagon ya yi duhu. Rediyon da ke rataye a ƙusa yana ta waƙa, wata tsohuwar waƙa mai jita da ƙaho, ana jin ƙaraf-ƙaraf ɗin allura a kan faifai. Muryar macen da ke rerawa kuwa...

Muryarta ce.

"Martha," ta kira abokiyar aikinta a hankali, "kina jin abin da nake ji?"

Martha ta ajiye almakashi, ta dubi rediyon, ta dube ta.

"Wannan ai ke ce. Yaushe kika je gidan rediyo?"

"Ban taɓa taka ƙofarsa ba."

"Jirgin yamma ya wuce bai tsaya ba, ni da fitila ina bakin hanya..." in ji muryar.

Tsigar jikin Kyauta ta tashi. Tun tana ƙarama take gunguna wannan karin in tana wanke-wanke, ba ta san baitinsa ba, ba ta san inda ta ji shi ba. Duk ranar da mahaifinta Malam Mudi ya ji, sai ya ɗaure fuska ya ce ta yi masa shiru.

Waƙar ta ƙare, wata murya mai sanyi ta namiji ta shigo.

"Masu sauraro, Jirgin Yamma ke nan, ta ƙungiyar Taurarin Dogo, shekarar saba'in da shida. Ta taɓa hawa ta takwas a waƙoƙin da aka fi nema, ta yi 'yan makonni, aka manta da ita. Ni ne Mika'ilu, a shirin Waɗanda Aka Manta. Mawaƙiyar kuwa suna ɗaya aka rubuta mata: Rabi'atu."

Sunan mahaifiyarta ke nan, wadda kwale-kwale ya kife da ita a wajen garin Kuta tun Kyauta na 'yar shekara shida. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa mahaifiyar tata mawaƙiya ce.

Washegari ta yafa mayafi ta tafi gidan rediyon. Aka nuna mata wani ɗaki cike da faya-fayai har rufi. Wani siririn saurayi mai tabarau yana goge ɗaya da tsumma, ya juya mata baya.

"Salamu alaikum."

Tsumman ya suɓuce daga hannunsa. Ya daɗe bai juyo ba.

"Baiwar Allah... mutum ce ke?"

"Mutum ce. Sunana Kyauta. Rabi'atu mahaifiyata ce."

Sai a lokacin ya sauke numfashi, ya janyo mata kujera. Shi ne Mika'ilu mai shirin. Ya ce faifan nasa ne, a kasuwar Kuta ya saye shi wajen wani tsoho mai suna Shekwolo, cikin tarin waɗanda ba mai nema. Irin su yake bi ƙauye-ƙauye yana tarawa, waƙoƙin da suka ɗan haska suka mutu.

"Sa min in ji," ta ce.

Ya ɗora allura. Ta saurara hawaye na zuba har kiɗan ya ƙare. Allura ta ci gaba da shuuu a fili, Mika'ilu ya miƙa hannu zai ɗaga ta.

Sai muryar ta dawo, ba kiɗa, kusa-kusa kamar mai ita na tsaye a bayansu.

"Kyauta... zo nan mana."

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Wallahi na saurari faifan nan ba adadi," ya ce. "Ban taɓa jin wannan ba."

Suka maimaita. Kiɗa ya ƙare, allura ta yi shuuu, ba abin da ya biyo baya.

Shi ya raka ta har gida ranar. Daga nan kuma hanya ta buɗe. Yau ya kawo rigar da ba ta yage ba a gyara masa, gobe ya biyo da lemo ya ce hanya ce ta kawo shi. Martha na dariya tana cewa hanyar gidansa na Bosso ba ta bi ta Barkin Sale. Kafin damina ta yi nisa, Kyauta ta san ƙarar babur ɗinsa cikin dubu.

Wata la'asar ya miƙa mata faifan a nannaɗe cikin ƙyalle.

"Naki ne, Kyautata. Gadonki ne, ni riƙo na yi."

"Ba za ka yi kewarsa ba?"

"Wanda ke da rana me zai yi da fitila? Ki yi min magana kawai, ko zagina ne, ina so."

Ta yi murmushi, amma wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji.

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Malam Mudi bai ko bari a ƙarasa ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai tsauri, ba a mayar masa da magana.

"Mai kaɗe-kaɗe? A gidan nan? Waƙa ta ci min mace ɗaya, ba za ta ci ta biyu ba."

"Baba, ba ya waƙa, sa wa mutane yake..."

"Na gama magana."

Ƙanwarsa Gwaggo Larai, wadda ta raini Kyauta, ta taɓe baki.

"Ga ɗan'uwanki Ladan yana sonki tun kina rarrafe, da shagonsa da komai, sai ki kwaso mana mai kwana da muryoyin matattu."

Ladan ɗan Gwaggo ne, kuma ya san inda ciwo yake. Ya tare ta a zaure, ya sassauta murya.

"Ƙanwata, tsakani da Allah, ke yake so? Kafin ya gan ki muryar wa ya yi ta saurare shi kaɗai a ɗaki? Marigayiya yake so. Ke faifai ce mai tafiya."

"Yaya Ladan, ka ji tsoron Allah."

"Tambaye shi ki gani."

Ba ta tambaya ba, amma maganar ta zauna mata. Duk sa'ad da Mika'ilu ya lumshe ido tana magana, sai ta ji kamar akwai ta uku a tsakaninsu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ladan ya shigo tsakar gida da ƙyallen faifan a hannu. A shago ya zaro shi daga ƙarƙashin yadika lokacin da Kyauta ta fita. Malam Mudi na zaune a tabarma, ita kuma tana tsintar shinkafa.

"Kawu, ga abin da yake asirce ta da shi."

Malam Mudi ya ga takardar jikin faifan, fuskarsa ta sauya. Ya miƙa hannu biyu a hankali, kamar mai karɓar jariri.

"Kawo nan, Ladan..."

Ladan bai lura ba. Ya ɗaga faifan ya maka shi a kan turmi.

Kyauta ta buɗe baki za ta yi ihu.

Ba abin da ya fito.

Ta kama maƙogwaronta, ta sake gwadawa. Iska kawai. Kajin gidan suka yi tsit, Gwaggo ta fara salati. Malam Mudi ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na kaɗa mata jitar nan," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Daga wajen wasa muke dawowa ruwa ya ɗauke ta. Na zaci babu sauran muryarta a duniya... ashe saura ɗaya. Fita min daga gida, Ladan."

Aka kai Kyauta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Aka yi rubutu, aka yi tofi, shiru. Makonni suka shuɗe. Ta rame, ta daina zuwa shago. Abin da ya fi cinta shi ne ta tabbata Mika'ilu ba zai dawo ba, tunda abin da yake so ya tafi.

Ya dawo.

Kullum da la'asar sai ya jingine babur ya zauna a dakalin ƙofar gida. Ba a ce ya shigo ba, ba a kore shi ba. In Kyauta ta leƙo zaure, sai ya yi ta ba ta labarin gari, ita tana amsawa da kai. Ya koyi karanta girarta, ya san ta gaji, ya san tana son ya ci gaba.

Wata rana ana yayyafi, Malam Mudi ya fito ya tsaya a kansa.

"Yaro, me kake jira? Likita ya ce mai yiwuwa ba za ta ƙara magana ba."

"Na ji, Baba."

"Muryar da ta kawo ka ta tafi."

"Gaskiya ita ta kawo ni, ba zan ɓoye ba. Amma ba ita ta zaunar da ni ba. In kun yarda, iyayena za su zo. Ni mai surutu ne, Baba, nawa ya ishe mu mu biyu."

Malam Mudi ya dubi ruwan da ke ɗiga daga indararo.

"Ka turo su."

Daga bayan ƙofar zaure, inda Kyauta ta lafe tana saurare, wani sauti ya fito, busasshe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Mi... ka'ilu."

Su biyun suka juya. Muryar ta dawo, amma ba waccan ba ce. Wannan ta fi kauri, da 'yar dishewa, ba ta kama da ta kowa. Malam Mudi ya share ido da hannun riga ya shige gida.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Gwaggo Larai ta zo da kanta ta yi wa amarya lalle, tana yi tana kuka tana neman gafara. Ladan kuwa ya tattara ya koma garin Beji.

Ranar da aka kai ta, da mutane suka watse, Kyauta ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Tsakani da Allah, ba ka kewar waccan?"

Mika'ilu ya cire tabarau, ya riƙo hannunta.

"Waccan ta Mama ce, Allah ya jiƙanta, ta zo ta karɓi abarta. Wannan ce matata."

"Ko da tana kama da ta mai mura?"

"Ko da ta kwaɗo ce, hasken idona. Sake kiran sunana."

Ta kira, a hankali, da muryarta.