Kafso a Kunun Amina

A ƙofar kemis ɗin Lauwali, ranar kasuwar Anka, Muhsina ta fara ganin Sufyanu. Tana goye da Amina, 'yar yayarta marigayiya, sai yarinyar ta fizge ledar magani ta watsar. Wani dogon saurayi ya diro daga mashin ya tsince mata tas.

"Wa ad da olsa, ƙanwata? Ke dai ban ga alamar kina gaba da abinci ba."

"Na Inna na," ta ce, tana danne dariya.

Sufyanu ke nan, mai niƙan dutsen zinari ne a Bagega. Kafin kaka ta yi, mashin ɗinsa ya haddace hanyar gidansu. In ya zo taɗi Amina ke riga kowa tarbarsa, ta ɗare cinyarsa ta hana su sakat. In ya tafi saƙo ya biyo baya:

"Zinariyata, duk wankin zinarin da na yi yau ban ga abin da ya kai murmushinki ba. Ki gaida Inna, ki shafa min kan Amina."

Ana maganar turo magabata Amina ta fara ciwo. Zawo ya ƙi tsayawa, tafin hannunta ya yi fari fat. Yarinyar da ke tsere da 'yan akuyoyi ta koma sai an ɗaga ta. A ƙasar Anka kuwa, duk uwar da ta ga shekarun gubar dalma, in yaro ya lanƙwashe abu guda ke faɗo mata a rai. Lauwali mai kemis, wanda ya daɗe yana son Muhsina tana share shi, shi ya raɗa wa Inna, mahaifiyarta, cewa ƙurar dutse a riga take bin mutum.

"Na rasa uwatta, ba ni rasa ɗiyag ga," in ji Inna. "Tun da yaron ga yaf fara ɗaukatta tal lalace. In yas sake taka ƙohwag ga, ban yahe miki ba."

"Inna, sai ya yi wanka shika tahowa."

"Na gama magana!"

Abin da ya fi ci wa Muhsina rai, ita ma shakka ta shige ta. Ta rubuta wa Sufyanu tana kuka:

"Don Allah kada ka sake zuwa. Amina na ƙarewa a hannuna. Ina sonka, amma ina tsoron rigarka."

Amsa ta zo nan take:

"A gwada jininta. In dalmata ce, wallahi zan bar ki, in bar garin. Amma kada a bar yarinyar nan kwance ana neman mai laifi. Ku same ni a asibiti."

Da kuka da magiya ta shawo kan Inna aka je aka ɗebi jini. Ranar da sakamako ya fito, likita ta ce ba dalma ba ce, jinin yarinyar ne ya yi ƙasa ƙwarai.

"Akwai maganin da take sha?"

"Babu," in ji Inna. "Ko saiwa ban jiƙa mata ba."

Nan take Muhsina ta tuna da kafso. Tun Amina na jaririya mai yawan tumbuɗi aka taɓa rubuta mata maganin olsa na 'yan makonni. Da ya yi aiki, Inna ta ci gaba da fasa kafsonta tana zazzagawa a kunun yarinyar kowace safiya, shekara da shekaru. A gidansu ba a ma lissafa shi a magani, ya zama kamar tsamiyar kunu. In Muhsina ta faɗa, ta ɗora wa mahaifiyarta laifi. In ta yi shiru, Amina za ta ci gaba da sha.

"Likita, akwai kafso," ta ce, hawaye na zuba. Ta faɗi komai.

Likita ta yi ajiyar zuciya. "Magani ne mai kyau, Inna, amma na ɗan lokaci, kuma da sanin likita. In yaro ya daɗe a kansa yana iya hana jiki tsotsar abin da ke gina jini da ƙashi, ya kuma buɗe wa zawo hanya. Kada ku yanke shi rana ɗaya. A hankali za mu janye shi, mu ƙara mata jini."

Inna ta dubi hannuwanta. "Ni ka ba ta? Da hannuna?"

"Don so kinka yi, Inna," in ji Muhsina, ta riƙe ta.

Sufyanu na can nesa a gindin dalbejiya, sanye da sabuwar riga ko karin guga bai fita ba, don kada a ce ya kwaso ƙura. Inna ta fito ta yafito shi. Ya matso, ya tsaya, ya kasa miƙa hannu.

"Taho ka amshi ɗiyakka, Sufyanu. Ka yahe mini."

Ya rungume Amina, ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Amina ta ishi kowa da guje-guje, har ta kifar da kwanon alkaki, ba wanda ya iya tsawata mata. Inna ta dafa kan Muhsina.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku ɗiya masu lahiya."

Washegari Inna ta dama kunu ta aika gidan amarya, ta ce a gaya wa ango ya sha hankali kwance, gero da tsamiya kaɗai ke ciki.