Inuwar Giginya da Karkatacciyar Sanda

A wani ƙauye, tun da daɗewa, an yi wata yarinya mai yawan tambaya. Kullum malami ya zana kusurwa a allo, sai ta ce, "Malam, wannan ina amfaninsa?" Kullum sai ya ce, "Ranarsa na zuwa."

Wata rana gindin giginyar da ke bayan rumbun kakarta ya ruɓe. Mai sara ya zo da gatari, ya tsaya yana shakka: in ta faɗi, za ta kai rumbun, ko ba za ta kai ba?

Da hantsi yarinyar ta kafa sanda, ta jira har inuwar sandar ta yi daidai da tsawonta, yadda malami ya koya musu. Sannan ta auna inuwar giginyar, domin a lokacin ita ma inuwarta daidai take da tsawonta.

Ta ce, "Taku ashirin ne. Rumbu yana taku ashirin da biyu. Ba za ta kai ba."

Mutane suka yi ta yabonta. Mai sara ya ɗaga gatari. Sai ta waiwaya, ta ga ashe sandar a karkace take. Ba wanda ya lura sai ita.

Nan take ta ce, "Baba, dakata! Na yi kuskure."

Aka yi mata dariya. Ta miƙe sandar, ta jira har la'asar da inuwar sandar ta koma daidai da tsawonta, ta sake aunawa. Taku ashirin da biyar.

Aka ɗaura igiya, aka kayar da giginyar can ɗaya gefen. Kaka ta taka daga gindi zuwa kai tana ƙirgawa. Da ta kai ashirin da biyar, ta juyo ta dubi rumbun da ke cike da geron shekara. Babu wanda ya ƙara dariya.